Ina biyan yarana haƙƙinsu, me ya sa suke guduwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Tela ne ni a Fagge, ina da yara 6 a shago. Ban taɓa riƙe wa kowa kuɗinsa ba, amma kafin ƙaramar Sallah biyu suka bar ni. Na aika a tambayi ɗayan, ya ce wai bakina ne ya kore shi. Ni kuwa da "wawa" da "kai, zo nan" maigidana ya koya mini ɗinki, ga ni na zama mutum. Ina laifina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Maigida. Allah ya saka maka da alheri kan biyan haƙƙi, ba kowa ke yi ba. Amma yaron nan gaskiya ya faɗa maka.

Ni ma na zauna a shagon kawuna ina yaro. Ranar da na yanke wata shadda ba daidai ba, sai na cusa ta ƙarƙashin tarin ƙyallaye, domin na san sunan da za a kira ni da shi gaban jama'a. Ba a gano ba sai da mai kaya ya zo karɓa. Abin da zagi ke koya wa yaro ke nan: ɓoye kuskure. In ka ce masa "wuyan nan ya karkace, farke ka sake", ya san abin da zai gyara. In ka ce "kai ba ka da kai", me zai farke?

Kuma ka kasa kunne idan ka fita sallar La'asar. Kalmomin da ka jefi babban yaronka da su, da su yake jifan ƙaramin da ke guga. Magana zarar bunu ce, a shago kuwa daga sama take gangarowa.

Anas bin Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10, ya ce bai taɓa ce masa ko "uf" ba. Wannan hadisin yana taɓa ni ƙwarai, domin Anas yaro ne lokacin, kuma yaro ba ya rasa kuskure.

Ban ce ka daina faɗa ba, aikin mutane amana ne. Amma ka kira kowa da sunansa, ka ja mai laifi gefe, in aljihu ya zauna ka ce "madalla" kowa ya ji. Da dare ya raba ana kan keke, ka ce musu "sannunku da aiki". Shi kuma wanda ya aiko maka da amsar nan, ka taka ka same shi da kanka, kada ka sake aike.