Baƙar kazar ruwa da nkulengu: tsuntsuwa ɗaya ce?

Tambaya: Malam, a kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield, nan Jos, nakan ga wata baƙar tsuntsuwa mai jajayen ƙafafu tana takawa kan ganyen bado. Ƙanena da ke aiki a Kuros Riba ya ce akwai irinta a kurminsu, ana ce mata nkulengu, amma da dare take kuka. Ita ce?

Amsa: Ba ita ba ce, ɗan'uwa, amma ƙanenka bai yi nisa da gaskiya ba. Dukkansu 'yan gidan da masana ke kira Rallidae ne, kuma dukkansu jajayen ƙafafu gare su.

Wadda kake gani baƙar kazar ruwa ce. Tsawonta santimita 19 zuwa 23, baki rawaya mai ɗan kore, ido ja. In ka sake ganinta, dubi yatsunta: dogaye ne sirara, su ke raba nauyinta har ganyen bado ya ɗauke ta bai nutse ba. Tana tafe tana ɗaga wutsiya, tana tsintar ƙwari, dodon koɗi, talibambam da ƙananan kifaye. Ba ta da kunya irin ta danginta, da rana tsaka ma takan fito fili, kuma inda akwai dorina har bayanta take hawa. Sheƙarta cikin ciyawar bakin ruwa take, kuma 'ya'yan ƙyanƙyasar farko sukan taya iyaye ciyar da ƙannensu. Mutum ya haƙa rami, ruwa ya taru, ciyawa ta fito, ita gaba ta kai ta.

Nkulengu kuwa ta ninka ta girma, kusan santimita 43, ruwan ƙasa ce, ƙafafunta kakkaura na tattaki a ƙasan kurmi tsakanin ruɓaɓɓun ganye. Mazauninta kurmin da ake tafka ruwan sama, daga Saliyo har Kwango da yammacin Yuganda. A kan bishiya take kwana, daga can mace da namiji ke karɓa-karɓar kuka mai kama da kiɗan ganga, da dare ko da asuba. Shi ya sa masu jin ta suka fi masu ganinta yawa nesa ba kusa ba. Ni abin da ya fi ba ni sha'awa 'yan tsakinta ne: na yawancin dangin baƙaƙe ƙirin ake ƙyanƙyashe su, nata kuwa ruwan ƙasa ne.

Ka ce wa ƙanenka ya naɗo maka kukan a waya. Masu binciken tsuntsaye na cibiyar APLORI da ke Laminga, kusa da Jos, za su iya tabbatar maka ko ita ce.