Nawa ya kamata ƙaramar gidauniya ta ajiye?

Malama, kin tambaya ko gidauniyarku ta tallafa wa marayu na tsaye da ƙafafunta tunda akwai kuɗi a banki. Abin da ke cikin asusu kaɗai ba ya nuna haka.

Ki ɗauko rahoton kuɗi na ƙarshen shekara. Daga jimillar dukiyarku, fara cire duk abin da aka ba ku da sharaɗi, kamar wanda mai bayarwa ya ce na kuɗin makaranta ne kawai. Wannan amana ce, ba ku da ikon biyan albashi da shi. Sannan ki cire darajar gini, mota da kwamfutoci, da bashin da ake bin ku. Ragowar ki raba ta da abin da kuke kashewa a wata: haya, albashi, wuta, sufuri. Idan ragowar 900 ce kuma kuna kashe 300, ajiyarku ta wata 3 ce.

Galibi ana ba da shawarar wata 3 zuwa 6. Amma idan mutum ɗaya ne ke kawo fiye da rabin kuɗinku, ni dai sai in ce ku nufi 6, domin ranar da ya janye ko ya makara, aiki zai tsaya cak, yaran kuma su ne za su ji a jikinsu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a taɓa kuɗin sharaɗi da niyyar mayarwa, lokacin rahoto ya zo a rasa abin faɗa. Ku buɗe wa ajiyar asusu daban, da sa hannun mutum biyu, kwamitin amintattu ya rubuta lokacin da za a iya taɓa ta. Kada a kulle duka a ajiyar wa'adi; a bar na wata ɗaya ko biyu inda za a iya cirewa nan take.