Na sa fanka a rijiyar ƙazanta, zan iya jona kayan wuta na yau da kullum?

Tambaya: Salam injiniya. Ni mai aikin wayarin ne, an ba ni aiki a wata tashar tura ruwan ƙazanta ta rukunin gidaje. Akwai rijiyar da ƙazantar ke taruwa, sai ɗakin fanfo a ƙarƙashin ƙasa a gefenta. Ɗan kwangila ya ce tunda za a sa fanka in sa swici da fitila na kasuwa kawai, wai masu tambarin Ex, wato waɗanda aka ƙera don wurin da gas zai iya fashewa, sun yi tsada. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam malam. A gaskiya ɗan kwangilar nan aljihunsa yake dubawa. Fanka ba ta mayar da rijiyar nan ta zama kamar ɗakin kwana, rage mata matakin haɗari ɗaya kawai take yi.

Ka ga ƙazanta in ta kwana tana ruɓewa tana fitar da gas ɗin metan, shi kuma da ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari a iska tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ga gas ɗin H2S mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma in ya yi yawa hancinka ma daina jin warin yake sai dai a ga mutum ya zube. Amma abin da ni ya fi ɗaga min hankali shi ne abin da mutane ke zubawa a magudana, fetur, tina, bakin mai na gareji. A Guadalajara ta Meziko ranar 22 ga Afrilu 1992 fetur ne ya shiga magudanar gari ya tashi da tituna, mutum sama da 200 suka rasu. Ba ka san me zai gangaro rijiyarka da tsakar dare ba.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce NFPA 820 ta Amurka, ta kare wuraren ruwan ƙazanta daga gobara. Rijiyar da ke karɓar ƙazantar magudanar gari, in ba a juya mata iska, Aji na 1 Difishon 1 ce a matakan haɗari, wato a ɗauka gas na iya taruwa ko da komai yana aiki daidai. In ana sauya iskar cikinta sau 12 a awa ba tsayawa sai ta sauko Difishon 2, kuma har yanzu wuri ne mai haɗari, kayan kasuwa ba su shiga. Ɗakin fanfo na gefe shi ne yake da sauƙi, in babu iska Difishon 2 ne, in ana sauya masa sau 6 a awa dare da rana ya fita daga lissafin. In zanenku da tsarin IEC 60079 na ƙasa da ƙasa aka yi za ka ga Zon 0, 1, 2 a maimakon difishon.

Yi lissafi: rijiya mita 3 sau 3, sararin iska mita 4, kubik mita 36 kenan, sau 12 ya ba ka kubik mita 432 na iska da fanka za ta ja a awa. Ba fankar bango da ake maƙalawa a kicin ba ce.

To ga inda gizo ke saƙar, kalmar nan "ba tsayawa". Mu da NEPA ke ɗauke wuta sau nawa a rana, fanka ta tsaya awa biyar gas ya taru, wuta ta dawo fal, swici ya yi tartsatsi. Shi ya sa in babu janareta mai tashi da kansa da ƙararrawar da za ta yi kuka in iska ta tsaya, ni ba na lissafa fankar sam, Difishon 1 nake ɗaukar rijiyar in huta.

Sa fanfon nutso mai shaidar Ex, fulot, wato swicin da ke bin hawan ruwa, ya bi ta da'ira mai ƙarancin wuta da ba ta iya kunna gas, fanel, wato akwatin swici, kuma fito da shi waje nesa da bakin rijiya da bututun shaƙa. Kada ka manta toshe paif ɗin waya da sil mai hana gas wucewa, ta nan gas ke silalewa har cikin fanel, kuma shi aka fi mantawa. Na'urar gano gas a saita ta ta yi ƙara tun a kashi 10 cikin ɗari na matakin da gas ke fara kama wuta. In ɗan kwangila ya kafe, ce ya ba ka umarnin a rubuce da sa hannunsa.