Amsa ga 'yar'uwar da ɗanta yake fitsarin kwance

Assalamu alaikum 'yan gida. Ni ba kasafai nake sa baki a wannan zauren namu ba, karantawa nake in wuce. Amma saƙon 'yar'uwar nan na kasa wuce shi, wadda ta ce ɗanta ya shekara shida har yanzu kullum sai ya jiƙa katifa, ga goyo, ga sanyin nan, maigida ya fara faɗa wai ita ta sangarta shi, surukarta kuma ta ce a hana shi ruwa tun daga la'asar a riƙa zane shi duk safiya, tana tambaya ta bi maganar ko kuwa. 'Yar'uwa sannu. Sannu da wanki, sannu da shanya, sannu da haɗiye magana. Duk abin da kika rubuta na san shi, har wanda kunya ta hana ki rubutawa.

Kada ki dake shi. Bari in fara da wannan tun kafin surutu ya kwashe ni. Yaron nan bai san ya yi ba. Nawa na biyu haka ya yi ta yi har ya shiga aji uku na firamare, kuma na sha tsayawa a kansa da fitilar waya ina kallonsa. Barci yake kamar an jefa dutse a rijiya. Ki ɗaga shi ki tsayar, ƙafafunsa su lanƙwashe, ki ja shi banɗaki ki dawo da shi, da safe ki tambaye shi ya rantse shi ba wanda ya tashe shi. To wanda bai san an kai shi bayi an dawo da shi ba, ta ina zai ji mararsa ta cika? Bulalar ƙarfe shida na safe me za ta gaya wa yaron da yake barci ƙarfe biyun dare?

Ni abin da ya same ni a kan maganar nan, har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi. Wata Babbar Sallah muka je gidansu maigida a cikin gari, muka kwana saboda aikin nama. Yara duk aka tara su ɗakin kakarsu. Na je da ledarmu, na ja yayar mijina gefe na gaya mata a asirce, na ce Yaya don Allah a shimfiɗa masa wannan, a sa shi bakin ƙofa, zan zo in tashe shi. Ta karɓa ta ce ba komai. Washegari ina bakin murhu muna suya, hayaƙi ya cika mini ido, sai na ji ana kiɗa gwangwani ana shewa a tsakar gida. Na zaci wasan yara ne. Ina leƙowa sai ga ɗana a tsakiya, an ɗora masa jiƙaƙƙiyar tabarma a ka, an shafa masa toka a fuska, wandon na jikinsa bai ko bushe ba, yaran gidan da na maƙwabta sun kewaye shi suna masa waƙar amalala. Ita kuwa Yayar tana tsaye riƙe da ƙugu tana ba da baiti, tana cewa a fita da shi ƙofar gida kowa ya gani, in ya sake yau da daddare kwaɗo za a ɗaura masa a ƙugu. Ledar da na ba ta tana nan a ninke a kan taga, ko buɗe ta ba a yi ba.

Bai yi kuka ba 'yar'uwa. Da ma kukan ya yi. Idonsa kawai yake juyawa yana nemana a cikin mata. Na ajiye matsamin na ratsa yaran na sauke tabarmar, na ɗauke shi, yaron da ya wuce ɗauka, na kai shi bayan gida na wanke masa fuska. Ina wanke shi ina jin ta tana cewa ai ga irinta nan, uwa ce take ɓata shi, 'yan boko ba sa son a taɓa musu 'ya'ya. Mata cike da gida ba wadda ta ce kanzil. Wasu ma dariya suke a cikin mayafi. Ni kuma ba damar in tanka, gidan surukai ne, ranar Sallah ce, ka yi magana a ce ba ka da kunya. Naman nan ko yanka ɗaya bai wuce mini ba.

Kuma wai a ce magani ne. Wane magani? Bayan mun dawo gida yaron nan ya daina cin tuwon dare don kansa, wai kada ya ji ƙishi. Ya koma zama a gefen katifa yana gyangyaɗi, yana tsoron kwanciya. Sai na fara jin zarni a ɗaki na rasa daga ina, ashe wandunan yake cusawa a bayan sif. Wanda da can da daddare kawai yake yi, sai da ya yi a aji. Shekara biyu in aka ce za a je cikin gari sai cikinsa ya ɗau ciwo. Har yau da ya girma in ta shigo gidanmu gaisuwa kawai yake ya bar wurin, ita kuma tana ta ƙorafi wai ba ya sake mata fuska. Allah Ya isa ban ce ba, amma ban manta ba. Ta taɓa ba ni haƙuri? Ko sau ɗaya. A wurinta ma taimako ta yi.

Da na gaya wa maigida a daren, kin san me ya ce? Wai "ai wasa ne, mu ma haka aka yi mana." Na ce ku ma? Sai ya yi shiru ya juya baya. Daga baya wata gwaggonsu, Allah Ya ji ƙanta, ta ce da ni ke rabu da su, uban nasa sai da ya kusa shekara goma yana yi, ita kanta mai ba da baitin ba a jima da daina shanya mata tabarma ba aka sa mata rana. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Saboda haka ke ma ki bincika a hankali, ta bakin wata tsohuwa a dangin, ba a gaban mutane ba. Likitan yaran da muka gani ta ce abin yana bin jini sosai: in ɗaya cikin iyaye ya yi, kusan rabin 'ya'yan sukan yi, in duka biyun ne kuwa kusan uku cikin huɗu. Maigidanki da yake faɗa, ta yiwu tsohuwar kunyarsa ce take motsawa.

Ita likitar ce ta kwantar mini da hankali. Ta ce kafin shekara 5 ma ba sa kiransa matsala. A cikin yara 100 'yan shekara 5, kusan 15 suna yi, zuwa shekara 10 sai su koma kamar 5, kuma mafi yawa da kansu suke dainawa. Ya fi yawa a maza. Ta ce akwai wani sinadari da jiki yake fitarwa da daddare ya rage yawan fitsarin da ƙoda take haɗawa, wasu yaran nasu bai gama daidaita ba, wasu mafitsarar ce ba ta riƙe da yawa, ga nauyin barci a kai. Ba ƙiwa ba ce, ba iskanci ba ne, ba kuma aljanu ba ne, don na san za a zo miki da wannan ma, a ce a yi hayaƙi.

Maganar hana ruwa tun la'asar kuwa, don girman Allah kada ki yi. Yanzu sanyi ake, amma ki tuna zafin Maris da Afrilu a Arewa, da ake haura digiri 40. Kuma kin san jininsa? In ba ki taɓa yi masa gwajin sikila ba ki yi. Najeriya ta fi ko'ina a duniya yawan masu sikila, kuma yaran da suke da ita sun fi yawan fitsarin kwance, don ƙodarsu ba ta iya tattara fitsari ya yi kauri. Irin wannan yaron in kika hana shi ruwa ciwon ƙashi kika kira masa. Abin da ake yi, a tura ruwan ya koma safe da rana, ya sha sosai, ki cika masa gora ya tafi da ita makaranta, sai a rage kamar awa ɗaya ko biyu kafin barci. Shayi da lemon kwalba da daddare a bari. Ni har taliyar yara ta leda na daina dafawa da daddare, gishirin da ke ciki sai ya sa su yi ta ɗirkar ruwa. Kunu da koko kuma na mai da su na safe. Ya yi fitsari bayan isha'i, in an gama hira zai kwanta ya sake yi.

Wani abin da ban taɓa kawowa a raina ba sai da ta tambaya: yaya bayan gidansa? Ashe in kashi ya taru ya yi tauri a ciki danne mafitsara yake. Nawa ba ya shiga banɗakin makaranta saboda ƙazanta, sai ya riƙe tun safe, ya dawo a gurguje ya wuce Islamiyya, nan ma ya riƙe. Da muka gyara wannan da gwanda da lemo da miyar zogale da alayyahu, na kuma sa shi zama a bayi kullum bayan karin kumallo ko bai ji ba, wallahi an samu sauƙi. Ban ce ya daina a take ba, amma kwanakin bushewa suka fara fitowa.

Katifa kuma, ki huta da fitar da ita kullum, bayanki zai mutu ga goyo. Ki sa a ɗinke ta gaba ɗaya da leda mai kauri, masu ɗinkin kujera suna yi. A kai ki shimfiɗa tsohon zani, ki sa wata ledar, ki sake shimfiɗa wani zanin. In ya jiƙa cikin dare na sama kawai za ki yaye ki jefa a bokiti, ga busasshe a ƙasa, ba kunna wuta ba tashin ƙanne. Tsofaffin atamfofinki sun fi zanin gado, sun fi saurin bushewa kuma ba sa cin ruwa wajen ɗauraya, kin san yadda 'yan garuwa suke ji da kansu in rani ya yi. Ki ajiye masa wando biyu a gefen filo. Bokitin ki zuba ruwa tun dare. Ki fara ɗauraye fitsarin da ruwa zalla kafin sabulu, saboda tsarki, don ni an sha kiran assalatu ina canza zani na saboda na goge shi.

Ruwan wankansa ki dafa tun dare ki zuba a filas, da safe sirkawa kawai za ki yi. Kuma lallai ya yi wanka da sabulu kafin ya sa kayan makaranta, ko mai adaidaita yana ta hon a waje gara ya jira. Yara ba su da tausayi, in suka ji zarni sau ɗaya sunan ya bi shi ke nan. Ki shafa masa man kaɗanya ko basilin a cinyoyi saboda kurji. Sannan ki ja wa yayyensa kunne, maganar ba ta fita daga ɗaki. Ni babbar tawa na ce mata ranar da na ji a bakin 'yan layi ni da ita ne. Ki bar shi ya taya ki kai zanin bokiti, ba da sunan horo ba, ki ce zo mu yi aikinmu. Ranar da ya tashi a bushe kada ki yi ta guɗa, ranar da ya jiƙa kada ki ɗaure fuska. Yabon ki yi shi a kan abin da yake hannunsa, ya yi fitsari kafin ya kwanta, ya gaya miki gaskiya da safe.

Tashin dare yana ceton katifa amma ba shi ne yake warkarwa ba, haka likitar ta ce. In za ki iya, sau ɗaya ya isa, lokacin da za ki kwanta. Kuma me ya hana uban ya yi? Ke kina tashi shayarwa, shi yana minshari, da safe kuma shi ne mai bakin faɗa. Ki lallaɓa shi, ba da gatsali ba, ki ce Abban wane yaron nan ya fi jin muryarka. Maza in aka ba su girma sukan yi abin da faɗa ba zai sa su ba. Surukarki kuma ki ce to Hajiya, in sha Allah, ki koma ɗakinki ki yi abin da ya dace. Kada dai ki bar shi ya kwana a wani gida ba ke, ko gidan wa. In tafiya ta kama dole, akwai maganin da likita yake rubutawa, desmopressin, yana rage fitsarin dare, amma yana da ƙa'idar shan ruwa, ba na zuwa kemis a saya ba ne. Akwai kuma wata 'yar ƙararrawa da ake maƙalawa a wando ta yi ƙara da ta ji lema, tana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin a ga aikinta.

In suka kawo miki maganar tarbiyya, ki tuna musu da Balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a cikin masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Sahabbai suka taso masa, ya ce ku ƙyale shi, a zuba bokitin ruwa a wurin. Babban mutum ke nan, idonsa biyu, a masallaci. Ina ga yaro ɗan shekara shida yana barci? Ki kuma kiyaye bakinki da asuba lokacin da rai yake ɓace, an hana mu yi wa 'ya'yanmu mummunar addu'a.

Amma akwai inda ba a zama jira. In da ya daina har wata shida sannan ya dawo, in yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa yana ramewa, wannan a gwada suga da wuri. In yana kuka wajen fitsari ko zazzaɓi yana zuwa, ko yana yi a wando da rana. In kin ga jini a ƙarshen fitsarin, musamman in yana bin yara wanka a kududdufi, tsargiya ce ake zargi, tana da magani. In yana minshari da baki buɗe shi ma ki faɗa wa likita. In a Kano kike ga asibitin yara na Hasiya Bayero, ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, gwajin fitsari ne za su fara yi, ba wani abin tsoro ba.

Ba ki gaya mana ba, tun yana ƙarami bai taɓa dainawa ba ne, ko da kika haihu ya dawo da shi? Don wasu yaran zuwan ƙani yana sa su haka. Ki amsa mana wannan da maganar jinin nasa, akwai ma'aikatan jinya a zauren nan, za su fi ni sanin abin da za ki fara yi.