Me ya sa ake ja-in-ja kan kuɗin kare fasinjojin jirgin ƙasa?

Tambaya: Malam, duk lokacin da jirgin ƙasa ya yi hatsari sai gwamnati ta yi alkawarin sa na'urorin kariya, da ƙura ta lafa kuma a ce kuɗin ya yi yawa. Shin rai yana da farashi ne?

Amsa: Rai ba shi da farashi, ɗan'uwa, amma baitulmali yana da iyaka, kuma nan ne tushen gardamar.

Abin da aka fi jayayya a kai shi ne na'urar da ke taka wa jirgi birki da kanta idan direba ya ƙetare jar danja ko gudunsa ya wuce kima. A Ingila, bayan hatsarin Clapham Junction na 1988 da ya ci rayuka 35, kwamitin bincike ya ce a sa ta. Hukumomi suka buga lissafi, suka ga tsadar ta yi yawa idan aka auna da yawan rayukan da za ta ceto, aka jingine maganar. A 1999 wani direba ya wuce jar danja a Ladbroke Grove, mutum 31 suka mutu. Bayan haka ne aka gaggauta baza wata na'ura mai rangwamen kuɗi a faɗin ƙasar.

Amurka ma ta bi wannan turba. A 2008 a Chatsworth, jihar Kalifoniya, direba yana tura saƙo a waya ya shige gaban jirgin kaya, mutum 25 suka rasu. Majalisa ta yi dokar tilasta sa irin wannan na'ura, ta ba da wa'adin ƙarshen 2015. Kamfanoni suka yi kukan tsada, aka ɗaga, ba a kammala ba sai Disambar 2020. A Mayun 2015, kafin na'urar ta fara aiki a wata kwana ta Filadelfiya, jirgi ya shige ta da gudun sama da mil 100 a sa'a inda iyaka mil 50 ce, rai 8 suka salwanta.

Masu lissafin suna da hujja guda mai nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Idan aka ɗora tsadar a kan tikiti, talaka zai koma mota, alhali titi ya fi dogo kashe matafiya nesa ba kusa ba. Ka ga an kare jirgi, an tura mutane inda hatsari ya fi yawa. Shi ya sa nake ganin gwamnati ce ya kamata ta ɗauki nauyin, kada a bar wa fasinja.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a mai da lissafi mafakar jinkiri. Tun kafin babbar na'ura ta iso akwai aikin da ba ya cin kuɗi sosai: duba dogo a kan kari, shinge a mahaɗar titi da layin jirgi, da ƙayyade awannin aikin direba don kada barci ya sace shi a kan aiki.