Da faifan Best Of zan fara sauraron Between the Buried and Me?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani abokina ya jiyar da ni waƙa ɗaya ta Between the Buried and Me, ta shiga raina duk da ban saba da irin wannan kiɗa ba. Na ga suna da faifai mai suna Best Of. In fara da shi, ko akwai wanda ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da za ka bi shawarata, da ka ajiye shi tukuna.

Mawaƙan nan sun haɗu ne a Raleigh, a jihar North Carolina ta Amurka, a shekarar 2000. Salonsu shi ake kira progressive metal, mai tsananin kuma: jita mai nauyi, ganga mai gudu, mawaƙinsu Tommy Rogers yana gurnani daga maƙogwaro, can sai ya sassauta ya rera da lallausar murya. Kafin waƙa ɗaya ta ƙare, an sauya taken kiɗa ya fi a ƙirga.

Best Of, wato tarin waƙoƙin da aka tsinto daga faifansu na baya, ya fito a 2011 daga kamfanin Victory Records, daidai lokacin da ƙungiyar ta koma kamfanin Metal Blade. Haka kasuwar take: in mawaƙi ya tashi, tsohon kamfani yakan tattara abin da ke hannunsa ya sake sayarwa. Don haka babu abin da suka yi bayan tashinsu a ciki, irin su The Parallax II na 2012 da Coma Ecliptic na 2015.

Amma abin da ya fi damuna shi ne Colors, faifansu na 2007. Waƙoƙi 8 ne, sama da awa guda, an saƙa su kamar zane ɗaya, babu tsayawa tsakanin wannan da waccan. Yana buɗewa da fiyano shi kaɗai da murya a hankali, kafin hayaniya ta ɓarke. Kana cikin "Ants of the Sky", jita na ta ruri, kwatsam sai ka tsinci kanka cikin kiɗan ƙauyen Amurka, har da hayaniyar mutane kamar a wurin shaƙatawa. Wannan juyin ba ya ratsa mutum sai in ya biyo hanya tun daga "Sun of Nothing", waƙar da ke gabanta. Sannan "White Walls", mai minti 14, ta rufe da fiyano, ta mayar da kai inda aka faro. In an tsinko ta daga cikin Colors, kamar yadda ake yi a faifan tari irin Best Of, daɗinta na nan, amma komawar nan ta ɓace. Su kansu a 2008 sun kaɗa Colors daga farko har ƙarshe a gaban jama'a a Nashville, aka ɗauka aka fitar.

Ba na cewa Best Of ba shi da amfani. Ga wanda yake son ya ɗanɗana zamanin The Silent Circus na 2003 da Alaska na 2005, inda waƙoƙin suka fi tsayuwa da ƙafarsu, zai yi masa.

Kai dai nemi awa guda da babu mai kiranka, ka sa abin ji a kunne, ka saki Colors ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Karon farko zai iya yi maka yawa, kada ka karaya. In ka maimaita sau biyu ko uku, ka bi sawun jitar Paul Waggoner da gangar Blake Richardson, sai ka wuce The Great Misdirect na 2009, inda "Swim to the Moon" ita kaɗai ta kusa minti 18.