Tambaya da Amsa: Tafiya a Kwalekwale Kai Kaɗai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son in bi kogi da kwalekwale daga Wudil zuwa Hadejia ni kaɗai. Wane lokaci ya fi, kuma yaya zan tsara yinina? Daga wani mai karatu a Wudil.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka bari sai kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. A Agusta da Satumba kogin Hadejia yana cika ya malale gonaki, ba ka gane gaɓa balle kututturen da ruwa ya rufe. Da bazara kuwa yashi ne zai sa ka yini kana jan jirgi da hannu.

Ka tashi bayan sallar Asuba, da zarar gari ya waye, domin iska ba ta cika tasowa ba sai hantsi. Ka huta da Azahar, sannan da La'asar ka fara duba wurin kwana. Kilomita 20 zuwa 25 a yini ta ishi mutum ɗaya. Tafiyar dare babu ita, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa (NIWA) ma ta hana.

Maganar kwana ce inda aka fi samun matsala. Ruwan wannan kogi daga Kogin Kano da Kogin Challawa yake zuwa, kuma dukkansu akwai madatsa a kansu: Tiga, da aka kammala a 1974, da Challawa, a 1992. Idan aka saki ruwa, kogi yana ƙaruwa ko ɗigon sama bai sauka ba. Saboda haka kada ka kwana a kan yashin tsakiyar kogi, komai kyansa. Hau tudu, ka kafa turke, ka ɗaure jirgi da igiya mai tsawo wadda ba a ja ta tam ba. Ka soka kara a bakin ruwa da Magariba. In ka duba bayan Isha ka ga ruwa ya haura shi, matsa sama. Abin da ya fi duka shi ne ka sauka kusa da ƙauye, ka gaida mai gari ko Sarkin Ruwa, ka tambayi halin hanyar gobe.

Tambaya: Me ya sa jirgina yake juyawa gefe idan ni kaɗai ne a ciki, kuma yana shan ruwa? Daga wani matashi a Ringim.

Amsa: Ɗan'uwa, lodinka ne. Kana zaune a baya, goshin jirgi ya ɗaga, iska ta samu abin turawa. Ka sa jarkar ruwa mai lita 25 a gaba, sauran kaya masu nauyi a tsakiya, ƙasa-ƙasa, a ɗaure. Bayan lodi, tsakanin ruwa da bakin jirgi kada ya gaza taƙi guda.

Shan ruwa kuwa, jirgin katako da ya daɗe a tudu yana bushewa, mahaɗar katakan ta buɗe. Jiƙa shi kwana biyu ko uku ya kumbura. Inda ya ci gaba da yoyo, cusa auduga ko tsumma da bakin wuƙa, ka narka kwalta ka shafe bayan wurin ya bushe, don kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen katako. Ka tuna babu mai kwashe maka ruwa kana tuƙi, don haka ka ɗaure yankakkiyar jarka kusa da ƙafarka, da filafili na biyu. Gwangwala ta turi ce a wuri marar zurfi. In ta kafe a laka, sake ta, kada ta fizge ka. Rigar kariya kuma a jiki take, ko ka iya iyo.

Tambaya: Wane guzuri zan riƙe, kuma yaya ake yi da ciyawar kachalla? Daga Auyo.

Amsa: Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, sukari da ganyen shayi. Fura ba ta jure kwanaki. Ruwan sha lita 4 zuwa 5 a yini, ka riƙa cika jarka a famfon ƙauye. Alif yana kwantar da laka ne kawai, sai an tafasa. Ka rage wanka a ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya, kada kuma ka manta gidan sauro. Waya da ashana su shiga leda biyu.

Kachalla ita ce babbar wahalar ƙasan Hadejia, wajen Guri da Kirikasamma. Ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyi da yawa, kuma a cikinta ko'ina iri ɗaya ne. In hanya ta rabu, jefa ganye ka ga inda ruwa ya ja shi, ka bi nan. In ganyen ya tsaya cak, juya tun da rana. Za ka haɗu da kalli (raga) da mamari (igiyar ƙugiyoyi) na masunta a shimfiɗe: ɗaga igiyar da filafili ka wuce ta ƙarƙashi, ko ka kewaye. Kada ka yanke, domin mai ita ne zai nuna maka mafita.